Jita Ba Tare da Lasifika Ba: Sabuwar Hanyar Naɗar Sauti a Konni, Malbaza da Illela

Hanyar da ta taso daga Abalak ta Tawa take bi, ta ratsa Badagishiri a ƙasar Illela, ta sauko mararrabar Tsarnawa, sannan ta karkata yamma zuwa Birnin Konni, inda iyakar Najeriya take a bakin ƙofa. An fi sanin wannan yanki na Nijar da albasar Galmi, da simintin Malbaza, da garken dabbobi masu nufin kasuwannin kudu. Ba kowa ke tuna cewa waƙa ma ta daɗe tana kai-kawo a nan ba, da can cikin kaset, daga baya cikin katin memori na wayar salula.

A shekarar 2008 wani matashi ɗan jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yau da suna Mdou Moctar, ya tsallaka Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a salon situdiyon mawaƙan Hausa, da gangunan na'ura da muryar da aka lanƙwasa da kwamfuta. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har ɗaya daga cikinsu, "Tahoultine", ta faɗa kunnen Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds. Ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, kuma daga nan ƙofar duniya ta buɗe wa makaɗin.

A wancan zamani, mai son naɗar waƙa da kyau sai ya ɗauki jakarsa ya nufi birnin da ke da situdiyo. Yau kusan duk kayan aikin suna shiga jaka guda: kwamfutar hannu, katin sauti, makirufo da lasifikar kunne. Murya da fiyano da gangunan na'ura sun daɗe da samun mazauni a cikin kwamfuta. Jitar lantarki ce ta fi gardama, domin a al'ada sai an kunna ampili, an ɗaga ƙara, an dasa makirufo gaban babban akwatin lasifika a ɗakin da ba hayaniya. Wa ke da irin wannan ɗaki a unguwar da babura ke wucewa dare da rana, kuma katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci? Amsar ita ce a naɗi jitar ba tare da akwatin lasifika ba. Hanya ce mai kyau, mai sauƙin kuɗi, amma tana da ka'idoji, kuma wanda ya tsallake su yana iya ƙona kayansa ko ya ɓata sautinsa.

Ayyuka biyu na lasifika

Jitar lantarki ba ta da wata murya ta kanta. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiya ta kaɗa, sai wata ƴar wuta maras ƙarfi ta taso a cikin wayar. Ampili ne ke karɓar wannan wuta: sashensa na gaba ya gyara launin sautin, ya ƙara masa kauri ko gurnani, sashen baya kuma ya ba shi ƙarfin da zai tura lasifika.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin lasifika shi ne ta fitar da ƙara kawai. Gaskiya ayyukanta biyu ne. Na farko, ita ce ke shanye ƙarfin da ampili ya fitar. Na biyu, ita ce ke tace sautin. Lasifikar jita ba ta iya fitar da duk abin da aka aiko mata. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kimanin sau 82 a daƙiƙa, kuma ƙasa da haka kaɗan lasifikar ta fara gazawa. A sama kuwa, da zarar an haura kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, sai sautin ya dushe da sauri. Wannan gazawa ita ce sirrin daɗin jita. Aikinta irin na rariya ne: gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

Shi ya sa matashin da ya jona jitarsa da ƴar na'urar gurnani kai tsaye cikin miksa yakan ji wata ƙara mai tsini, mai karce kunne, ya yi zaton jitar ce ba ta da kyau. Jitar lafiyarta lau. Abin da lasifika ta saba tarewa ne ya kwararo duka cikin naɗin. Saboda haka duk wanda ya cire akwatin lasifika daga hanya, dole ya nemo abin da zai yi waɗannan ayyuka biyu a madadinta.

Inda haɗarin yake

Ampili iri biyu ne. Akwai mai taransista, wanda shi ya fi yawa a hannun makaɗan biki domin ya fi araha da sauƙin ɗauka. Akwai kuma mai bawul, wato ƙananan kwalaben gilashi da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Irin wannan yakan shigo cikin kayan gwanjo daga Turai, kuma makaɗa na ƙaunarsa saboda ɗumin sautinsa.

Ampili mai bawul yana da taransifoma tsakanin bawul ɗin da lasifika. Idan aka kaɗa jita alhali ba lasifika a jone, ƙarfin da ya taru cikin taransifomar ba shi da mafita. Sai wutar ta yi tsalle sama da abin da rufin wayoyin zai iya jurewa, ta huda shi, taransifoma ta mutu, wani lokaci har da bawul. Tana cikin sassa mafi tsada a jikin ampilin, kuma samun madadinta a Konni ko Tawa ba ƙaramin aiki ba ne. Mai taransista galibi ba ya damuwa idan ba lasifika. Abin da ke kashe shi shi ne a haɗa wayoyin fitarsa biyu da juna, ko a jona masa lasifikoki fiye da ƙarfinsa.

Maganin mai bawul shi ne akwatin lodi. Wata na'ura ce da ake jonawa a gurbin lasifika, ta shanye ƙarfin ta mai da shi zafi, sannan ta fitar da ƴar wuta kaɗan da katin sauti zai iya karɓa. Dole lambar da ke jikinta ta dace da ta ampilin: ohm 4 da 4, 8 da 8, 16 da 16. Wasu akwatunan tsagwaron resista ne, kuma ƙwararren mai gyaran rediyo zai iya harhaɗa su. Wasu kuma an sa musu ƙarin naɗin waya da kafasita domin su riƙa turjewa yadda lasifika ta gaske ke yi, kuma makaɗa kan ce waɗannan sun fi daɗi a ƙarƙashin yatsa.

Kuskuren da ya fi muni shi ne a ɗauko waya daga ramin lasifika a bayan ampili a cusa ta kai tsaye cikin katin sauti ko kwamfuta. Lissafin a bayyane yake: ampili mai wat 50 a kan ohm 8 yana fitar da volt 20, mai wat 100 kuwa volt 28. Katin sauti abin da ya saba karɓa bai wuce volt ɗaya da ɗoriya ba. Wanda ya yi haka yana iya asarar katin da ampilin a lokaci guda.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce wadda aka bayyana: jita, ampili, akwatin lodi, katin sauti. Wasu ampili masu taransista ma suna da ramin fita na musamman ko na lasifikar kunne, wanda za a iya ɗaukar sauti daga gare shi ba tare da ƙarin komai ba.

Hanya ta biyu, a ajiye ampili gaba ɗaya a yi amfani da ƙaramar na'urar da ke kwaikwayonsa, irin wadda ake takawa da ƙafa. Hanya ta uku, jita ta shiga katin sauti kai tsaye, manhajar kwamfuta ta yi aikin ampili. A nan akwai sharaɗi: sai an yi amfani da ramin da aka keɓe wa jita, wanda akan rubuta INST ko Hi-Z a jikinsa, ko a bi ta akwatin DI. Wutar jita ba ta da ƙarfin jure ramin makirufo, kuma idan aka tilasta mata sai sautin ya fito a dushe. Akwai kuma batun jinkiri tsakanin taɓa tsirkiya da jin sauti a kunne. Idan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, yawancin makaɗa ba su damuwa. Idan ya haura haka sosai, kiɗa mai sauri irin na bikin Abzinawa sai ya riƙa harɗewa.

Duk hanyar da aka bi, saura aikin tacewa. A yau ana yin sa ne da abin da masu situdiyo ke kira IR, wato sawun lasifika. Ana tura wani sauti mai hawa daga ƙasa zuwa sama ta cikin lasifika ta gaske, a ɗauke shi da makirufo, manhaja ta lissafa yadda lasifikar da akwatinta da makirufon suka sauya shi. Sakamakon ɗan ƙaramin fayil ne wanda bai kai tsawon daƙiƙa guda ba. Duk sautin da aka bi da shi ta cikin wannan fayil zai ɗauki kamannin waccan lasifika.

Ba yau aka fara ba

Jona jita kai tsaye tsohuwar dabara ce. A situdiyon Motown da ke Detroit, a shekarun 1960, haka ake ɗaukar jita da bas a waƙoƙi da yawa. A 1968 ƙungiyar Beatles ta naɗi waƙar "Revolution" a Landan, inda injiniya Geoff Emerick ya cusa jitocin cikin teburin haɗa sauti ya cika masa wuta da gangan har ya yi gurnani. A 1982 Tom Scholz ya fito da Rockman, ƴar na'urar da ake ratayawa a ɗamara. A 1989 kamfanin Tech 21 na New York ya fito da SansAmp, a 1998 Line 6 ya fito da POD, a 2011 kamfanin Kemper na Jamus ya fito da na'urar da ke sauraren ampili ta kwafe halinsa. Yanzu akwai manhajar Neural Amp Modeler ta Steven Atkinson, wadda ke yin irin wannan aiki kyauta ga duk mai kwamfuta.

A Turai da Amurka abin da ya haifar da waɗannan na'urori shi ne ƙuncin gidaje, da tsadar situdiyo, da wahalar jigilar manyan akwatuna. A yankinmu dalilan sun fi haka nauyi.

Wuta, zafi da ƙura

Na farko shi ne lantarki. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sa aka yanke ta, aka rufe iyaka, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Mutanen Konni, waɗanda rayuwarsu ke ɗaure da kasuwar Illela ta ɓangaren Najeriya da ta Sakkwato, sun ji wannan a jikinsu. A ɗaya gefen kuma, a Malbaza ne aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 7 a 2018, kuma faifan sola ya zama ruwan dare a shaguna da gidaje. Kwamfutar hannu da katin sauti da ke shan wuta daga jikinta suna iya aiki da batir da faifan sola matsakaici. Babban ampili mai bawul kuwa yana jan wuta fiye da abin da yake fitarwa nesa ba kusa ba, kuma ba ya son wutar janareta mai hawa da sauka.

Wannan ƙalubale ba baƙo ba ne ga jitar hamada. Kundin ƙungiyar Tinariwen na farko da ya fita duniya a 2001, The Radio Tisdas Sessions, an naɗe shi ne a wani gidan rediyo a Kidal, inda wuta ba ta samuwa sai na ƴan sa'o'i da dare.

Na biyu shi ne zafi. Akwatin lodi zafi yake mai da kowane wat da aka tura masa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Konni, dole a ajiye shi inda iska ke ratsawa, kada a ɗora masa zane, kuma ya kasance ƙarfinsa ya zarce na ampilin da tazara mai kyau. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke shiga maɓallai da ramuka ta haddasa ƙarar ƙaiƙayi a tsakiyar naɗi. Rufe kaya bayan aiki ya fi gyara araha.

Akwai kuma gurnanin da wutar gida ke shigarwa, mai kaɗawa 50 a daƙiƙa, wanda firji da fanka da cajar waya maras inganci ke ƙara tsananta shi. Sau da yawa cire cajar kwamfuta a yi aiki da batir yakan kawar da shi. Akwatin DI ma yana da maɓallin da ke yanke shi. Abin da bai kamata a yi ba ko kusa shi ne karya ƙafa ta uku ta filogin ampili. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da ƙarfen jikin ampilin. Idan wuta ta zubo kuma ba hanyar da za ta bi zuwa ƙasa, ta jikin makaɗi za ta bi.

Wanda shiru ke buɗe wa ƙofa

Amfanin wannan hanya bai tsaya ga kuɗi ba. Mdou Moctar ya taso a gidan da ba a yarda da kiɗa ba, har sai da ya ƙera jitarsa ta farko da itace da wayoyin birkin keke. Fatou Seidi Ghali, jagorar ƙungiyar Les Filles de Illighadad daga karkarar Abalak, da jitar yayanta ta koya wa kanta kiɗa, a al'ummar da jita ta maza ce. Irinsu suna nan a Dogarawa da Alela da Bagga da sauran garuruwa, masu baiwa amma ba su da sararin ɗaga ƙara. Da lasifikar kunne, yarinya na iya naɗar kiɗanta a ɗakin mahaifiyarta. Saurayi na iya aiki bayan sallar isha'i ba tare da ya hana dattijon maƙwabci barci ba. Kiyaye haƙƙin maƙwabci da raya baiwa ba sai ɗaya ya kashe ɗaya ba.

Wani alherin kuma shi ne, idan an adana sautin jita tsantsa kafin a yi masa ado, ana iya sake sarrafa shi daga baya. Fayil ɗin da aka naɗa a Illela zai iya tafiya Yamai ko Kano, a bi da shi ta ampili na gaske a ɗaki mai kyau, ba tare da makaɗin ya biya kuɗin mota ba. Kundin Afrique Victime, wanda kamfanin Matador ya fitar wa Mdou Moctar a 2021, gutsure-gutsure aka naɗe shi a situdiyo da ɗakunan otel da gidaje da kuma fili a Nijar, sannan mai kaɗa bas na ƙungiyar, Mikey Coltun, ya harhaɗa shi. A 2020 kuma Sahel Sounds ya yi jerin Music from Saharan WhatsApp, inda makaɗa ke naɗa da waya su aika kai tsaye.

Sautin wa za mu naɗa?

Sai dai akwai abin da ke salwanta. Idan lasifika na ruri kusa da jita, iskar da take turawa tana komawa ta kaɗa tsirkiya, sautin ya daɗe yana rerawa. Lasifikar kunne ba ta yin haka. Kuma jitar yankin nan a filin biki ta girma, cikin tafi da guɗa da ƙura. Kundin Group Inerane da kamfanin Sublime Frequencies ya fitar a 2007, da na farko na Etran de L'Aïr a 2018, sun ja hankalin duniya ne saboda ana jin ƙananan ampili suna aiki iya ƙarfinsu, ana jin jama'a a kewaye. Mai hikima zai haɗa biyun: waya ɗaya ta ɗauki jita tsantsa, makirufo ko wayar salula ta ɗauki tsakar gida, a gauraya su daga baya.

Babbar damuwar ita ce wannan. Kusan duk sawun lasifika da ke zuwa cikin manhajoji an ɗauko su ne daga akwatunan Marshall da Vox na Ingila, da Fender da Mesa na Amurka, waɗanda aka gina don kiɗan can. Idan kowane matashi a Konni da Malbaza ya zaɓi sauti daga jeri guda da na matashin Landan, za a wayi gari jitarmu ta yi tsaf amma ba a gane daga inda ta fito. Kayan aro ba ya rufe katara.

Alhali kuwa ɗaukar sawu ba ya buƙatar komai sai lasifika, makirufo da manhajar kyauta. Tsohon ampilin da ya shekara goma yana yawon bukukuwa a ƙasar Adar yana da murya tasa. Haka akwatin da kafinta ya haɗa a kasuwar Konni. Zauren ƙasa da soro mai kauri suna da amsa-amo da babu irinsa a wata manhaja, kuma shi ma ana iya ɗaukar sawunsa. Fayil ɗin ƙarami ne, WhatsApp zai kai shi ko'ina. Wannan ilimi zai amfani masu gurmi da molo da garaya da goge, waɗanda yanzu suke manna ƙaramin abin ɗaukar sauti a jikin kayansu domin a ji su a taro, kuma suke fama da irin wannan tsinin sauti idan an jona su da miksa.

Jihar Tawa, wadda ta ba Nijar Ɗan Gurmu, makaɗin da gasar kiɗa ta ƙasa ke ɗauke da sunansa tun shekarun 1980, ba ta rasa makaɗa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu sanin waya da ohm da makirufo. Gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara suna da miksa da ɗakunan da ba hayaniya. Gidajen matasa da al'adu suna da fili. Masu gyaran rediyo da talabijin suna da hannu da basira. Idan aka zaunar da waɗannan da makaɗa na ƴan kwanaki, aka koya musu yadda ake kare ampili, da yadda ake haɗa akwatin lodi, da yadda ake ɗaukar sawun lasifika, kowace gunduma za ta iya tara taskar sautinta da kuɗin da bai kai na bikin aure guda ba. Tsofaffin ampili suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana rushe soraye ana zuba bulo, kuma wanda ba a ɗauki sawunsa yau ba, babu manhajar da za ta dawo da shi gobe.